Bazawara da Farar Rigar Amarya: Tambayoyi da Amsoshi daga Zariya

Duk matar da za ta sake aure a Zariya, in dai zancen kayan biki ya taso, sai an biyo ta kan farar riga. Wata ita ke so ana hana ta. Wata ango ne ke so, ita kuma nauyi take ji. Wata har ta kai ɗinki, sai gwaggo ta ce ba dai a gidan nan ba. Sana'ata ɗinkin kayan amare, kuma waɗannan su ne tambayoyin da ke ta dawowa a bakin zawarawa da iyayensu da ƙawayensu. Na sa musu lamba don a ji sauƙin komawa daga wannan zuwa waccan. A ɓangaren addini, abin da yake sananne kawai na kawo. Mas'alar da ta keɓanta da ke, malaminki ko limamin cocinku za ki kai wa.

1. Ni bazawara ce. Zan iya sa farar rigar amarya ranar bikina?

Za ki iya. Babu aya, babu hadisi, babu dokar ƙasa da ta ware wani launi ta ce na budurwa ne, bazawara ta kauce masa. Al'adarmu ta Hausa ma ba ta yi wannan rabon ba, domin iyayenmu da saƙi da atamfa da lulluɓi suka san amarya, ba da farar doguwar riga ba.

Abubuwan da ya kamata su dame ki daban ne: kin fita idda tukuna (tambaya ta 5), rigar ta suturta ki (ta 14), kuɗinta bai fi ƙarfinki ba (ta 16), kuma kin yi la'akari da mutanen da auren ya shafa, musamman uwargida da 'ya'ya da dangin mamaci. In waɗannan sun daidaita, launi zaɓinki ne.

2. To daga ina aka samo cewa fari na budurwa ne?

Daga Turai ya zo, kuma can ɗin ma ba tsohon abu ba ne. Kafin ƙarni na 19, amaryar Bature rigarta mafi kyau take sawa, ja ce ko shuɗiya ko ruwan ƙasa, ta ci gaba da sa abarta bayan biki. Launin da suke dangantawa da tsarki a da shi ne shuɗi, wanda suke zana Nana Maryamu da shi. Ranar 10 ga Fabrairu 1840 Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta auri Yarima Albat cikin farar rigar siliki mai leshi. Hotunan bikin da aka zana suka bazu, matan masu hali suka ɗauka. A wancan zamani farar riga shaidar wadata ce, domin sai mai masu wanki ne zai ɗinka abin da datti kaɗan ke lalatawa. Daga baya ne mujallun mata da masu rubuta ladubban biki suka liƙa mata ma'anar budurci, har suka riƙa cewa mai aure na biyu kada ta sa fari, kada ta rufe fuska.

Su da suka ƙirƙiro ƙa'idar sun sake ta. A gidan sarautar Ingila kanta, Kamila, wadda ta taɓa aure, ta sa ruwan madara a 2005 lokacin da ta auri Yarima Cals, wanda shi ne sarkinsu yanzu. A 2018 kuwa Megan, wadda ita ma ta taɓa aure, ta auri Yarima Hari cikin riga fara tas da dogon mayafi, a cikin coci, duniya na kallo. A Indiya da Sin kuwa fari launin makoki ne a al'adance, amarya ja take sawa.

Wuri ɗaya da na san fari ya haɗu da budurci a ƙasar Hausa shi ne tsohuwar al'adar nan ta shimfiɗa farin ƙyalle a daren farko. Addini bai san da ita ba, tonon asirin ma'aurata ce, kuma ba ta da alaƙa da abin da amarya ta sa a jikinta.

3. Musulunci ya ce wani abu game da launin kayan amarya?

Bai ƙayyade ba. Abin da ya zo game da fari yabo ne. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya yi umarni da sa fararen tufafi domin suna cikin mafi alherin tufafi, kuma a yi wa mamata likkafani da su. Hadisin bai bambanta mai auren fari da mai na biyu ba.

Inda shari'a ta bambanta su sananne ne. Bazawara sai an ji yardarta da bakinta, budurwa kuwa shirunta ya isa. Ango yana yi wa budurwa kwana 7, bazawara kwana 3, sannan a koma rabon kwana. Tufafi ba ya cikin lissafin. Duk wanda ke ganin zawarci abin sunkuyar da kai ne, ya tuna cewa a cikin matan Annabi (SAW) Nana A'isha kaɗai ya aura tana budurwa. Nana Khadija ta yi aure kafin shi, haka Sauda da Hafsa da Ummu Salama da sauransu, Allah Ya ƙara musu yarda.

4. Wani malami ya ce farar rigar amarya koyi ne da Nasara. Haka ne?

Wannan magana ce mai tushe, bai kamata a yi watsi da ita ba. Masu hanawa suna kafa hujja da hadisin da ya ce wanda ya kamantu da wasu mutane yana cikinsu. Masu halattawa suna cewa rigar ta zama gama-gari a ƙasashen Musulmi da yawa, ba ta zama alamar wani addini ba, don haka abin dubawa shi ne yanayin ɗinkin da kuma wurin da za a sa ta. Ki lura dai, wannan saɓanin bai ware bazawara ba. Wanda ya hana, budurwa ma ya hana ta.

In zuciyarki ba ta kwanta ba, akwai farin da babu mai cewa na aro ne: farar lafaya, farin leshi riga da zane, farar abaya mai aiki, ko farar alkyabba a kan kowane kaya. Birnin Zazzau kuwa ba a gaya masa aikin alkyabba da ɗinkin hannu.

5. Yaushe ya halatta in fara shirin biki?

Bayan idda ta cika, ba kafin nan ba. Wannan ya fi zancen launi nauyi nesa ba kusa ba, domin auren da aka ɗaura a cikin idda ɓatacce ne. Wadda aka saka, iddarta tsarki 3 ne a mazhabar Malikiyya da muke bi. Wadda ba ta haila, wata 3. Mai ciki, sai ta haihu. Wadda mijinta ya rasu, wata 4 da kwana 10. Wadda aka saka kafin a tare ba ta da idda.

Mai iddar sakin da ake iya kome har yanzu matar mijinta ce, ba a ko yi mata shaguɓen neman aure. Mai takaba ana iya nuna mata alama, amma ba a fito fili a nema, balle a kawo kaya ko a sa rana. Shawarata kada ki je wajen tela gwajin rigar amarya a wannan tsakani, ko da kin san akwai mai jira. Zariya ba ta da girman da ake zato. Wadda ta gan ki a shagon Tudun Wada da safe, kafin la'asar labari ya shiga Ƙofar Doka.

6. Mijina rasuwa ya yi. Sa fari ba zai zama kamar na manta da shi ba?

Haƙƙinsa na makoki kin sauke shi da takaba. Littafin Risala da ake karantawa a zaurukan malamanmu ya faɗi abin da ke kan mai takaba: ta bar ado da kwalli da turare da lalle da tufafi masu rini, in ban da baƙi. Kin yi wannan wata 4 da kwana 10. Da ya cika, Alƙur'ani ya ce babu laifi a kan abin da mata suka yi da kansu bisa kyautatawa. Ummu Salama ta so Abu Salama so mai tsanani, ta yi masa idda, sannan ta zama matar Annabi (SAW).

Abin da nake roƙon matan da ke wannan hali shi ne su kula da zuciyar surukar farko. Uwar da ta binne ɗanta, in ta fara ganin hotonki cikin farar riga a wayar jikarta, zai yi mata zafi, ko da ba ki yi laifi ba. Ki shirya ki je da ƙafarki tun kafin a raba goro, ki durƙusa ki ce, "Hajiya, an zo da magana, na ce sai kin sa albarka." Yawancinsu kuka za su yi, su yi miki addu'a, wata ma har ta ba ki turmin atamfa. In akwai marayu tsakaninku, zumuncin nan ba zai yanke ba har abada, gara a lallaɓa shi. Game da yaran, duba tambaya ta 11.

7. Yaya aka saba yin bikin bazawara a nan, kuma me ya canja?

A da ba a tsawaita shi. A ɗaura aure, a yi ɗan wuni na 'yan'uwa, bayan magariba ko isha wasu mata kaɗan su raka ta ɗakinta. Ba kamu, ba zaman lalle na kwanaki, ba sayen baki, lefen ma bai kai na budurwa ba. A gidaje da yawa na cikin birni har gobe haka ake yi, kuma akwai mutunci da sauƙi a cikinsa. Wannan ne ya sa tsofaffi ke ɗaga gira in sun ji bazawara na zancen farar riga. In kin saurare su da kyau, yawan bidiri ne ke damunsu fiye da launin.

Yanzu kuwa akwai ƙananan zawarawa da yawa. Wata an yi mata auren fari tana da shekara 16, ba ta zaɓi mijin ba balle kayan da ta sa, auren ya mutu, ta koma makaranta a Samaru ko Kongo, ta kama aiki, yanzu ta sami wanda take so. A ce wa irin wannan ta shige ɗaki cikin dare shiru kamar wadda ta yi abin kunya, ni dai ban ga adalci a ciki ba. Hausawa da kansu suka ce amarya ko ta buzuzu ce ana ɗokinta. Walima kuma sunna ce a kowane aure. Annabi (SAW) ya ce wa Abdurrahman bin Auf ya yi walima ko da tunkiya ɗaya ce.

8. A wane zama ne farar riga ta fi dacewa?

Ɗaurin aure na maza ne, ke kina cikin gida, leshi ko atamfa mai kyau ya wadatar. Farar doguwar riga wurinta walimar mata ko dina. A walima za ki fi sakewa, domin mata ne zalla. In dina ce da maza a ciki, to sutura ta ƙara nauyi, wuya da hannu da gashi duk su rufu.

Ranar kai ki ɗaki, bar farar riga a akwati. Za ki durƙusa gaban iyaye, za ki yi kuka, za ki shiga mota a matse. Lafaya ko mayafi babba shi ne kayan wannan dare.

9. Mayafin rufe fuska da doguwar jela fa?

Ko a tsohuwar ƙa'idar Turawa, mayafin da ke sauka kan fuska shi aka fi dangantawa da auren fari. A wurinmu ma lulluɓin fuska da buɗar kai na yarinyar da aka kai gidan miji karon farko ne. Babu haramci, amma in kina neman inda za ki sassauta don a zauna lafiya, nan ne wurin da ya fi araha. Ki yi ɗauri mai kyau, ki yafa mayafi ya sauka ta baya da kafaɗu, fuska a buɗe. Jela kuma in ta wuce taku ɗaya ko biyu, wahala ce kawai, dalili yana tambaya ta 15.

10. Angon saurayi ne, danginsa suna gunaguni wai ana so a rufe su. Me zan yi?

Riga ba ta rufe kowa, sun san kin taɓa aure tun ranar da aka je tambaya. Amma shi ma aurensa na fari ne, yana da haƙƙin ganin amaryarsa yadda ya yi buri. Maganar dangin miji ba ke za ki tare ta ba. Shi zai sami mahaifiyarsa a keɓe ya ce shi ne ya nemi a yi haka. In ta ce ba ta so, ku duba ko akwai tsaka-tsaki, misali ruwan madara maimakon fari fat, ko a sa farin a zaman da danginki suka shirya. Biki yini ɗaya ne, zama da surukai kuwa na shekaru, kada ki shiga gidan da gaba a kan yadi.

Haka amsar take in angon ma ya taɓa aure. Shi ba wanda zai tambaye shi dalilin sa farar babbar riga, kuma yawancin angwaye ita suke sawa ko aurensu na nawa ne.

11. Ina da 'ya'ya, wasu sun girma. Ba zan ba su kunya ba?

Ya danganta da yaran, kuma ke kika san naki. Ƙananan mata yawanci murna suke yi, su ne ma za ki ga sun rirriƙe gefen riga ba sa so ta taɓa ƙasa. Samari ne abin ke yi wa nauyi, musamman in abokansu za su ga hoto a Facebook ko TikTok. Ki zaunar da babban ki gaya masa da bakinki, kada ya ji a waje. Ki tambaye shi ko yana so ya halarta, in ya ce a'a kada ki tilasta. A ɗinka musu sababbin kaya su ma, domin yaron da ya ga uwarsa ta yi ado shi yana cikin tsohuwar riga, abin da zai ɗarsu a ransa shi ne an fara mantawa da shi.

Masu ɗaukar hoto kuma a gaya musu tun farko cewa ba a yarda su ɗora komai a intanet ba sai da izini.

12. Akwai uwargida a gidan. Farar riga ba tsokana ba ce?

Rigar kanta ba tsokana ba ce, amma yadda aka yi da ita yana iya zama. Kada a shigo da hayaniyar biki tsakar gidanta, kada ƙawaye su yi habaici, kada a kafa ƙaton hotonki a falon da kowa ke zama. Ango ya cika mata kayan faɗar kishiya kafin a zo kan kuɗin rigarki. In har kuɗin ba zai ɗauki biyun ba, rigar ce za ta haƙura. Kin taɓa zaman aure, wataƙila ke ma an taɓa yi miki kishiya, kin san yadda daren nan yake a wancan ɗakin.

Idan kuwa kome za ki yi gidan tsohon mijinki da sabon ɗaurin aure, ban ga wurin farar rigar biki ba. Sabon ɗinki mai kyau, gyaran jiki da turare, a yi addu'a, shi ke nan.

13. Ni Kirista ce, a coci za a ɗaura. Amsar ɗaya ce?

A kan launi, Littafi Mai Tsarki bai kafa doka ba. Ya ba matar da mijinta ya rasu damar sake aure, kamar yadda yake a Romawa 7 da 1 Korantiyawa 7:39, kuma Rut gwauruwa ce lokacin da Bo'aza ya aure ta. Sai dai kowace ikilisiya da tsarinta. Wasu suna da ƙa'idar da suka rubuta game da kayan amarya, har sukan nemi a kawo rigar matan zumunta su duba kafin ranar. Ki tambayi fasto ko fada tun lokacin koyarwar aure, kafin ki biya tela. Abin da ake yi a Wusasa, inda cocin Bartalamawus mai ginin ƙasa yake tun 1929, ba lallai ya zama shi ake yi a majami'un Sabon Gari ko Samaru ba.

Wadda aurenta ya mutu mijin yana raye, tambayarta ta wuce riga. Cocin Katolika ba ya ɗaura sabon aure sai kotun coci ta tabbatar cewa na farkon bai ƙullu ba tun asali, wasu ɗariku ma suna da tsauri sosai. In kuma auren farko na rajista ne, babbar kotu ce kaɗai ke raba shi, kuma hukuncin farko ba ya zama tabbatacce sai bayan wata 3 a ƙa'ida. Ki karɓi takardar ƙarshe a hannunki kafin a sa rana.

14. Wane irin fari zan zaɓa, kuma wane ɗinki?

Fari iri-iri ne. Akwai fari ƙal mai ɗaukar ido, akwai ruwan madara, akwai mai sirkin gwal, akwai mai ɗan duhun toka. Fari ƙal yana haska baƙar fata ƙwarai, amma a hoto yakan cinye aikin da ke jikin yadin. Ruwan madara yana karɓar kusan kowace fata, kuma yana kashe bakin masu magana, domin ba za su iya rantsuwa cewa fari kika sa ba. Kada ki zaɓi yadi a ƙarƙashin fitilar shago. A kasuwar Sabon Gari ki ce wa mai shago ya ba ki gefen yadin ki fito bakin ƙofa, ki ɗora a bayan hannunki a hasken rana. Sannan ki ɗaga shi sama ki sa tafin hannu a baya. In kina ƙirga yatsunki ta ciki, to haka fitilar mai hoto za ta nuna jikinki.

Shafi shi ne rabin rigar. Farin yadi yana son shafi mai kauri, wani lokaci ninki biyu daga ƙugu zuwa ƙasa, kuma kayan ciki su zama kalar fatarki, domin fari a ƙarƙashin fari fitowa yake yi. Ki guji yadin raga mai kalar fata a ƙirji da hannu, wanda daga nesa kamar ba a sa komai ba. Matar da ta haihu, ɗinkin da ya kama daga ƙasan ƙirji ya sake zuwa ƙasa ya fi yi mata kyau da daɗin zama fiye da mai matse ciki da ƙarfe. A wajen gwaji kada ki tsaya gaban madubi kawai. Ki zauna, ki durƙusa kamar za ki gaida babba, ki ɗaga hannu, ki ga ko za ki iya alwala ba tare da an kwance ki ba.

Wadda ta haura arba'in takan tambaye ni ko ba ta tsufa da fari ba. Ba ta tsufa ba. Farin leshi mai nauyi da ɗauri da sarƙar gwal a jikin babbar mace kwarjini ne da yarinya ba za ta samu ba.

15. Yaya zan kare ta daga datti a garin nan?

Ƙasar Zariya ja ce, kuma ba ta da tausayin farin kaya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu, a Agusta taɓo, a Maris da Afrilu zufa. Kada ki sa rigar daga gida in lungunku ba kwalta. A kai ta cikin jakarta, ki sa a wurin taron. Kalmasar ƙasa ta tsaya daidai kan takalmi, in ba haka ba kafin a yi hoton farko jan layi ya zagaye ta.

Lalle ya bushe ya kwana biyu kafin ranar, musamman baƙin, domin zufa na sa shi sauka. A gama kwalliyar fuska kafin a sa riga, a rufe fuskar da ɗankwali mara nauyi lokacin zura ta. Humra da turare mai maiko a jiki ake shafawa a bari ya sha, ba a kan yadi ba, tabonsu rawaya ne kuma ba ya fita da sauƙi. Turaren wuta daga nesa, saboda tartsatsi yana huda yadin roba nan take. Zoɓo da miyar manja kuwa, ki ci abincinki kafin ki shirya. Wata ƙawa ta riƙe farin ƙyalle da allura da zare da hodar jarirai, wadda ke shanye maiko in an barbaɗa da wuri.

16. In ɗinka, in saya, ko in karɓi haya? Ta auren farko fa tana nan.

In doguwar rigar dina ce da ba za ki sake sawa ba, haya ta fi hankali, kuma ba abin kunya ba ne. Buhari ya ruwaito cewa Nana A'isha tana da wata riga da matan Madina ke aikowa aro duk lokacin da za a yi wa amarya ado. Ki duba rigar hayar da rana, ki leƙa hammata da wuya da zif, ku yi magana a kan wanda zai biya wanki da abin da zai faru in ta yage, a rubuta. In ɗinki ne, ki kai da wuri, kada ya haɗu da cunkoson sallah ko na Disamba, kuma a bar mako guda na gyara.

Kada ki ci bashi saboda riga. Bazawara sau da yawa ita ke haɗa wa kanta kayan ɗaki, ga kuɗin makarantar yara. Ta auren farko kuwa ki bar ta. Ango ba zai so ba ko bai faɗa ba, kuma akwai hotuna a gidajen mutane. Ki ba wata ƙanwa, ko tela ya farke ta ya yi wa yara riguna.

17. Ƙawaye da baƙi za su iya sa fari su ma?

A bikin Turawa ba a yi, don kada a yi gasa da amarya. A nan maza da yawa farar shadda za su sa, babu mai hana su. Mata dai in an san amarya fari za ta sa, kyautatawa ce a bar mata. Hanya mafi sauƙi a fitar da anko mai launi, kuma mai sauƙin kuɗi, domin yawancin waɗannan ƙawayen sun riga sun yi miki ankon farko.

18. Bayan biki me zan yi da ita?

A wanke ta cikin kwana biyu ko uku, domin zufa da turare ba sa nunawa nan take, sai bayan watanni su fito rawaya. Mai duwatsu da aiki a kai wa masu wankin zamani. Kada a sa mata ruwan bilic, yana mayar da siliki da yadin roba rawaya, yana kuma cin zaren leshi. A shanya a inuwa. A naɗe ta cikin farin zanen auduga maimakon leda, saboda leda tana riƙe danshi, damina ɗaya ta isa ta sa ta yi fumfuna.

In leshin auduga ne ko shadda, masu rini za su iya mayar miki da shi shuɗi ko ruwan goro ki ci gaba da zuwa suna da biki. Yadin roba ba ya kama rini irin namu, don haka ki tambayi mai shago tun ranar saye. Wanda ba zai rinu ba, ki bayar da shi haya ta hannun telarki, ko ki ajiye don wata 'yar'uwa da ba ta da halin ɗinkawa.